Salansa a Tagar Gwaggo

Ranar da Manaja ya kawo jif ɗinsa gida, da baya ya shigo da ita. Kafintan da ke maƙwabtaka da su ne ya tsaya yana ba shi hannu, "Taho, taho, karya hagu, ya isa," har gindin motar ya tsaya daf da tagar ɗakin Gwaggo. Tsakar gidan doguwa ce siririya, daga ƙofar waje ta miƙe sai ta ƙare a ɗakin tsohuwar. Ɗakunan Manaja da barandarsu suna gefe guda, katanga tana ɗaya gefen. Motar kuwa ƙatuwa ce baƙa, ta hannu, wadda ta riga ta ga duniya kafin ta ga Manaja. Ta cika tsakar gidan taf, ba ta bar wa mutanen gidan komai ba sai ɗan lungu ta gefen baranda, wanda sai mutum ya karkace kafin ya wuce.

Gwaggo yayar mahaifinsa ce, ita ta raine shi tun yana cikin tsumma. Ta dogaro sandarta ta fito, ta ɗora tafin hannunta a jikin motar tana murna har da ƙwalla.

"Allah ya sa alheri, ɗan nan. Allah ya tsare hanya, ya sa a kashe lafiya."

"Amin, Gwaggo," in ji shi, yana dariya yana zame hannunta daga jikin fentin. "Sai dai a bar taɓawa, yanzu aka goge ta."

Shi fa Manaja ba manaja ba ne. Mataimakin mai kula da sito ne a wani kamfanin fenti, sunan ne kawai ya riga muƙamin zuwa, kuma har yau muƙamin bai iso ba. Duk wanda ya dubi motar ya dubi mai ita ya san ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Amma wa zai faɗa? Maƙwabta suka yi ta zuwa suna zagaya ta suna cewa kai, arziki ya ci uban na-da, shi kuwa yana tsaye yana kaɗa makulli a yatsa.

Washegari aka wayi gari motar ta durƙusa, cikinta na neman taɓa ƙasa, kamar raƙumin da ke jiran lodi. Aka kira bakanike, wani mai tawul a wuya wanda bai taɓa ganin ciwon motar da ba zai iya yabonsa ba. Ya leƙa ƙarƙashi, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Wannan ba lalacewa ba ce, ranka ya daɗe. Manyan motoci iska ke ɗauke da su. Jakunkunan iskar ne suka ɗan kwana biyu, suna sacewa. Kullum da safe ka tayar da ita, ka bar ta tana aiki har ta miƙe da kanta. Da yamma ma ka tayar saboda batir, don irin waɗannan ko a kashe suke ƙwaƙwalwarsu ba ta barci."

Daga duk bayanin nan abu ɗaya ya shiga kunnen Manaja, cewa motarsa tana da ƙwaƙwalwa. Ya yi ta maimaita wannan magana a wurin aiki har mutane suka fara sauya hanya in sun hango shi.

Daga ranar aka kafa doka. Gari na wayewa Manaja zai fito da jallabiya da buroshi a baki, ya murɗa makulli, ya koma ciki ya yi wanka, ya karya, ya zaɓi hula. Duk tsawon wannan lokaci motar na tsaye tana gurnani tana ɗagowa a hankali, kuma bakin salansarta saitin tagar Gwaggo yake. Hayaƙin yakan shiga ta tagar, ya zagaya gadonta, ya shiga akwatin kayanta, ya kwanta a tulun ruwanta. Da yamma a sake sabon zubi. Ana cikin haka bakanike ya dawo ya cire wata tukunya daga cikin salansar, ya ce ita ke shaƙe injin. Ya saka ta a buhu ya tafi da ita, yana rungume da ita yadda ba a rungumar abin da za a zubar. Tun daga nan ƙarar motar ta ƙaru, abin da ya yi wa Manaja daɗi, warin kuma ya zama mai yaji, mai sa ido ruwa.

Da farko ciwon kai ne. Gwaggo takan tashi ta ji kamar an ɗaure mata goshi da igiya. Sai tari ya biyo baya, busasshe, irin mai tsayar da mutum a tsakiyar magana. Ta daɗe tana juya abin a ranta kafin ta iya furtawa, don ba ta son a ce tsohuwa tana baƙin ciki da arzikin ɗanta. Wata yamma ta same shi a baranda yana goge madubin gefe da gefen rigarsa.

"Ɗan nan, na ce da za ka riƙa shigo da ita da gaba mana, hayaƙin ya riƙa yin waje."

"Haba Gwaggo. Wa kika taɓa gani ya ajiye irin wannan mota ta ba titi baya? Ai fuskar ita ce motar." Ya nuna ƙofar waje, wadda ya sa aka sauya ta da mai sanduna don masu wucewa su riƙa gani. "Kuma wannan ba hayaƙi ba ne, tururi ne. Motar waje ce fa. Can in mota tana hayaƙi ko titi ba a bari ta hau."

"To ai tururin ne ke sauka mini a ƙirji."

"Shekaru ne, Gwaggo. Allah dai ya ƙara lafiya."

Amma kada a ce bai yi komai ba. Manaja mutum ne mai son a san yana kula da tsohuwarsa. Kwana kaɗan bayan haka ya kira kafinta ya ce a toshe tagar da falanki. Kafinta ya tsaya da guduma a hannu yana duban ƙofar ɗakin, wadda ƙasanta ke da sarari har kyanwa na iya bi.

"In na toshe nan, wanda ya shiga ta ƙarƙashin ƙofa ta ina zai fita?"

"Malam, aiki na kira ka, ba shawara ba."

Aka buga falanki, aka rufe ƙofa da ɓarawo. Ɗakin ya yi duhu, hayaƙin da a dā yake shiga ya fita yanzu ya samu wurin zama. Manaja ya riƙa gaya wa baƙi cewa shi da kansa ya sa aka gyara wa Gwaggo taga.

Sai ta nemi wa kanta mafita. Da ta ji motsin makulli sai ta ɗauki sandarta, ta karkace ta bi lungun, ta fita waje ta zauna a bencin kafinta har motar ta gama miƙewa. Ta fi son warin katako da ƙurar zarto, don su ba sa bin ta gado. In kafinta ya ce, "Gwaggo, tarin nan naki fa ya yi yawa," sai ta ce masa mura ce, ta sauya magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kowane yoyo ake nuna wa maƙwabci ba.

Wannan dabara ma ba ta yi nisa ba. Wata safiya tari ya sarƙe ta a tsakiyar lungun, ta yi tangaɗi, kan sandarta ya ja wani siririn layi a ƙofar motar. Manaja ya durƙusa gaban layin, ya shafa masa yawu, ya goge, ya sake shafawa. Ko ranar da ɗaya daga cikin tagwayensa ya faɗo daga kan katanga bai yi irin wannan fuska ba.

"Gwaggo, kin san fentin nan daga can ya zo da shi? Ba a samun irinsa. Ni ne fa a harkar fenti." Ya miƙe ya sassauta murya. "Kuma zaman nan da kike yi a bakin titi, so kike mutane su ce na kore ki? Don Allah ki riƙa zama a ɗakinki ki huta. Duk abin da kike so za a kawo miki."

Ta juya ta koma ɗakinta. Kunya ce ta kama ta, ita da aka yi wa laifi. Daga ranar sanda ba ta ƙara bin lungun ba, ita kuma ba ta iya tafiya mai nisa babu sanda.

Matar Manaja, wadda kowa ke kira Uwar Biyu, ba muguwa ba ce. Ita ke kawo wa Gwaggo abinci, ita ke wanke mata kaya, kuma tana jin warin da ke fita daga zannuwan in ta jiƙa su. Sai dai ita ma ta ɗanɗani zaman gaban jif, ta ga yadda ƙawayenta ke miƙewa tsaye in an sauke ta, kuma abin da daɗi. Don haka in Gwaggo ta yi tari sai ta ce, "Sannu Gwaggo, wallahi mu ma muna jin warin har ɗakinmu," kamar rabon wari zai rage na wani. Ranar da ta ga jini-jini a tsumman da tsohuwar ke tari a ciki ne ta kasa kawar da kai. Ta kama ta suka tafi ƙaramin asibitin unguwa a motar haya, don ranar jif ba ta gama miƙewa ba.

Malamar asibiti ta sa abin aunawa a bayan Gwaggo ta daɗe tana saurare.

"Baba, kina kwana kusa da hayaƙi ne?"

Gwaggo ta dubi Uwar Biyu, Uwar Biyu ta dubi ƙasa.

"Ko mene ne, a raba ta da shi. Ƙirjin nan ba zai ƙara ɗauka ba."

Da aka kawo wa Manaja wannan saƙo ya buga cinya ya ce dama ya sani. Ya shiga ɗakin Gwaggo da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba, ya fito da ɗan murhun gawayin da take ɗumama ruwan alwala da shi, da maganin sauron da take kunnawa.

"Ga hayaƙin nan da likita ke faɗa. Ku mutanen dā ba kwa jin magana."

Uwar Biyu ta buɗe baki, "Baban Biyu, ni ina ganin motar..."

"Ke ma? To daga yau ki riƙa hawa motar haya zuwa gidan ƙawayenki, tunda tawa guba ce."

Ta ce to, ta rufe bakinta. Gwaggo ta koma alwala da ruwan sanyi, sauro kuma ya samu gona.

Abin da ya fi damunta ba tarin ba ne, tsoron ne. Tun kafin gari ya gama wayewa take farkawa ta kasa kunne tana jiran ƙarar silifas ɗinsa da kaɗawar makulli. Takan jiƙa gefen mayafinta ta toshe hanci, ta kwanta a ƙasa can ƙuryar ɗaki, tana tasbihi har gurnanin ya tsaya. Yaron da ta taɓa kwana tsaye da shi a kafaɗa saboda mura, yau takun ƙafarsa ke sa gabanta faɗuwa. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa.

Ana nan sai wani abokin aiki ya ce wa Manaja ai motarsa tsohon yayi ce, masu irinta yanzu duk sun sauya mata fuska. Maganar ta hana shi sukuni. Jakunkunan iskar suna nan suna sacewa, baƙin mai yana ɗiga a siminti, amma ba su ne a gabansa ba, don babu mai ganinsu daga titi. Ya kai motar gareji aka ce za a sauya mata bamba da fitilu da ƙafafu, ta fito sak sabuwar fitowa.

Kwanakin da motar ta yi a gareji su ne hutun Gwaggo. Rana ta dawo bakin ƙofarta. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta shanya kayanta har warin ya fara barinsu, ta riƙa cin abinci tana sauraren tagwayen suna ba ta labarin makaranta. Tarin ya lafa, har ta ɗauki tsintsiya ta share inda mai ya ɓata. Wata rana bayan sallah ta tsinci kanta tana roƙon Allah ya sa motar ta ƙi gyaruwa. Ta yi saurin istigfari, ta ce wace irin uwa ce ke yi wa dukiyar ɗanta mugun baki.

Motar ta dawo da sababbin idanu masu walƙiya, da haƙoran ƙarfe a gaba, da matakala a kowane gefe. Matakalar ta cinye rabin lungun da ya rage, yanzu ko Uwar Biyu sai ta ɗaga kwanon abinci sama da kanta ta shafi ginshiƙin baranda kafin ta wuce. A baya kuma an ƙara wa salansar baki, ya zama biyu, masu ƙyalli. Manaja ya ce duk wanda bai sani ba zai rantse daga kamfani aka fito da ita jiya.

Ranar hutu da safe abokansa biyu suka zo ganin sabuwar fuska. Ya tayar musu da ita, ya kunna duk fitilun da mai wayarin ya jona, ya riƙa taka totur don su ji murya. Suka ce a ƙara, ya ƙara. A cikin ɗaki Gwaggo tana kwance a ƙuryarta da jiƙaƙƙen mayafi. Ta ji gurnanin yana nisa da ita alhali bango na rawa, ta ji hannuwanta sun yi nauyi. Ta yi niyyar ta miƙe ta buga ƙofa, sai ta ga tashi aiki ne babba, gara ta ɗan huta tukuna. Can motar ta yi tari sau biyu ta mutu, fitilun suka ɗauke gaba ɗaya.

Uwar Biyu ce ta shigo da shayi ta same ta. Gwaggo tana jin kofin ya faɗi, tana jin ana kiran sunanta ana jijjiga ta, amma bakinta ya ƙi buɗuwa. Ihun matar ya jawo kafinta da abokan Manaja. Suka ɗauko ta a kan zaninta suka fito da ita bakin ƙofa, nan suka tsaya cirko-cirko. Lungun ba zai ɗauki mutum biyu da na uku a kwance ba.

"Matsar da motar," in ji kafinta.

Manaja ya murɗa makulli, ko ƙyas. Ya sake murɗawa.

"To a sa ta a firi mu tura."

"Giyar ba ta fita sai da wuta," in ji Manaja, gumi na bin wuyansa. "Ƙwaƙwalwar ce ta kulle ta. Bari in kira bakanike."

"Kafin ya zo an yi abin da za a yi. Ka ba ni guduma in cire matakalar nan."

"A'a, a'a, tsaya. Jiya-jiya aka sa ta."

Kafinta ya dube shi. Ya buɗe ƙofar motar ta gefen baranda, ya shiga da takalminsa da ƙurar katakonsa, ya kwantar da kujerar baya, ya rarrafa ya buɗe but, ƙofar bayan motar, daga ciki. Ta nan aka zura Gwaggo, kai a gaba, yadda ake zura tabarma. Tana jin sanyin fatar kujera a kumatunta, tana jin muryar ɗanta a samanta.

"A hankali, a hankali. Ku ɗan ɗaga ta, kar abin hannunta ya karci fatar."

A tsakiyar motar numfashi ya ɗan dawo mata. Ta shaƙi ƙamshin turaren da ya rataya a madubi, iska mai tsabta, babu yaji babu ɗaci. Ashe a ciki babu hayaƙin ko kaɗan. Ashe shi bai taɓa shaƙarsa ba. Hawaye ya gangaro ta gefen idonta ya sauka a kujerar.

Aka fito da ita ta ƙofar gefe, aka bi da ita ta baranda zuwa waje, aka kwantar da ita a bayan a-kori-kurar da kafinta ke ɗaukar katako da ita. Uwar Biyu ta hau ta ɗora kan tsohuwar a cinyarta tana kuka, ba mayafi, takalmi ƙafa ɗaya. Kafinta ya tayar da mota ya leƙo ta taga.

"Manaja, shigo mu tafi."

Manaja yana tsaye a ƙofar gida, ƙafa ɗaya a waje ɗaya a ciki. Ya dubi Gwaggo, kuma wallahi fuskarsa akwai tashin hankali na gaske. Sannan ya waiga ya dubi jif, ƙofofinta a wangale, but a sama.

"Ku yi gaba, ina zuwa. Batir ya mutu, ba ta kulluwa. In na bar ta haka wani ya shigo ya zare ƙwaƙwalwar, shi ke nan an kashe ni. Bakanike na zuwa zan taho."

A-kori-kura ta ja. Gwaggo ta buɗe ido da ƙyar, ta hango shi ta tsakanin sandunan ƙofa, ya sunkuya cikin motar da hankici yana goge kujerar baya. Ta motsa leɓe, Uwar Biyu ta kawo kunnenta kusa tana zaton wasiyya ce.

"'Yar nan," in ji Gwaggo, "in likita ya tambaya, ki ce murhun gawayi ne."

Uwar Biyu ta ɗago kai ta dubi hanya, hawaye na zuba. Wannan karon ba ta ce to ba.